Wace Juma'ar, Alƙali?

Ina zaune a ƙofar gida da hantsi ina ɓare gyaɗar iri, sai wani direba da ke jigila tsakanin Kibiya da Rano ya tsaya da motarsa, ko kashe ta bai yi ba. Ya sauko ya durƙusa ya gaishe ni, sannan ya ce, "Baba Alƙali, Garba Dogo ya rasu ɗazu. Ana shirin kai shi." Na yi salati. Na ce ya jira ni in sa riga.

Garba Dogo shi ne mai tsaron gidan ƙungiyar ƙwallon Kibiya, kuma shugaban 'yan wasanta, a zamanin da nake alƙalancin wasa. Cikin mutum ashirin da biyu da suka buga wasan da zan ba ku labari, shi ne na ƙarshe da ya rage. Bayan sadakar bakwai, samarin Kibiya suka zo har ɗakina suna roƙon in ba su wani tsohon kofi da ke wurina. Na hana su. Suka tafi suna cewa tsoho ne mai taurin kai. Don su nake wannan rubutu, da sauran yaran da suke ganin alƙalancin wasa ba komai ba ne illa hura usur da miƙa hannu.

Na koyi aikin nan a hannun Saja Isiyaku, tun Turawa ba su tafi ba. Tsohon soja ne, a bariki ya san ƙwallo, da ya dawo gida aka ba shi koyar da motsa jiki a elementare. Ni lokacin ina wajen shekara ashirin, na iya karatun boko gwargwado, na iya duba agogo. Rani uku na yi ina bin gefen fili da farin ƙyalle a kan kara kafin ya yarda in sa usur a bakina.

Aikin farko da ya ba ni ko ƙwallo babu a cikinsa. Gona ya nuna mini wadda aka gama girbewa, ya ce in mayar da ita fili. Ku da kuka tashi kuka tarar da filaye a shirye ba ku san wannan ba. Sai an tumɓuke tushiyar dawa ɗaya bayan ɗaya, don 'yan wasanmu ba su da takalmi, tushiya guda kuwa ta isa ta kwantar da mutum wata biyu. Sai an baje kunyoyi da fartanya, a daddaɓe. Sannan a auna da igiya mai ƙulli-ƙulli, a zuba toka a ja layi. Tokar ma sai na bi gida-gida ina sallama ana auno mini daga murhu. Turakun gida biyu ne, a ɗaura igiya a samansu, raga kuwa babu. Rabin rigimar zamanin nan a kan igiyar take: ta sama ƙwallon ta bi ko ta ƙasa? Saja ya ce mini, "Kada ka kalli ƙwallo, ta riga ta wuce. Kalli idon mai tsaron gida. Shi ya san gaskiya, kuma kafin ya tuna ya yi ƙarya fuskarsa ta faɗa maka."

Kayan aikina huɗu ne. Usur na ƙarfe mai ɗan ƙwallo a ciki, wanda in yawu da ƙasa suka toshe shi sai a jiƙa shi a ruwan zafi. Agogon aljihu. Littafi da fensir. Sai sule guda. Ran da Saja ya danƙa mini su, ya riƙe sulen ya ce, "Wannan aikinsa ɗaya ne tak: ya zaɓi waɗanda za su fara fuskantar rana. Da ya faɗi ƙasa ka ɗauke ka mayar aljihu, ya gama."

Agogon shi ne mai wahala. Ba a fara wasa sai an idar da La'asar, kuma dole a tashi kafin Magariba. Tsakanin nan ne duk abin da muke da shi. Ƙarin lokacin da kuke gani yanzu mu ba mu san shi ba, don ba inda za mu samo shi. In an tashi kunnen doki a wasan da dole wani ya fita, sai a sake haɗuwa wata Juma'ar.

Ga yadda gasar take. Ƙungiya shida ce: Rano, Kibiya, Rurum, Tarai, Lausu, da ta malaman makaranta da ma'aikata. Da an gama girbi sai a shiga zagayen rani, kowa ya je gidan kowa, kowa ya karɓi baƙuncin kowa. Wanda ya ci maki biyu, kunnen doki ɗaya-ɗaya. In an gama, huɗun sama su ne za su shiga fidda gwani, biyun ƙasa su koma 'yan kallo. Na ɗaya ya kara da na huɗu, na biyu da na uku, wanda ya fi maki a gidansa za a buga. Wanda aka ci ya fita, babu ramuwa. Biyun da suka rage su haɗu a filin da ba na kowa ba.

Kafin a fara fidda gwani akwai abin da Saja yake yi, ni ma na gada. Sai ya tara shugabannin ƙungiyoyi huɗun, ya karanta makin kowa da sunayen 'yan wasan kowa, sannan ya rufe littafin ya ɗaure shi da zare a gabansu. Ma'anarsa biyu. Daga ranar maki ya mutu. Kuma wanda sunansa ba ya ciki ba zai taka fili ba, don kada wani mai hali ya je Kano ya ɗebo mana gwanaye a mota.

Ni kaina na taɓa ce masa wannan tsari zalunci ne. Mutum ya yi rani guda yana cin kowa, sannan a ce rana ɗaya ta rushe masa komai? Ya ce, "In maki kaɗai ne, tun zafi bai shigo ba an san mai kofi, sauran su watse, 'yan kallo su koma gindin bishiya. Zagaye yana nuna wanda ya iya. Fidda gwani yana nuna wanda ya iya ran da ake buƙata. Ba ɗaya ba ne."

Wasan fidda gwani na farko da na hura a Tarai ne, su na ɗaya, Lausu na huɗu. Mutanen Tarai sun ci Lausu gida da waje a zagaye, don haka tun da safe suka yanka rago, mai tsire ya kafa tukubarsa a bakin fili. Lausu suka jefa ƙwallo ɗaya tun ana cikin minti goman farko, sannan suka koma gaban gidansu su duka suka tsaya kamar shinge. Tarai suka yi ta bugu har rana ta yi ja. Wani dattijo ya biyo ni gefen layi yana cewa, "Yaro, agogon nan naka gudu yake yi, Allah kuwa." Na ce, "Baba, duba rana, ita ma gudun take?" Na hura tashi a kan lokaci. Da na je ɗaukar kekena na tarar an sace iskar tayoyin duka biyu. Da ƙafa na tura shi, na wuce 'yan Lausu a tsaye suna cin tsiren, don mai tsire ya ce shi ba ruwansa da wanda ya ci.

To, sai shekarar da ta ɓata mini suna, bayan samun mulkin kai da kaɗan. Saja ya riga ya rasu, littafi yana hannuna. A shekarar azumi ya faɗo tsakiyar rani, muka dakata wata guda da 'yan kwanaki, saboda haka komai ya ja baya. Kibiya suka gama zagaye ba wanda ya ci su ko sau ɗaya. Garba Dogo yana tsaron gida da wata tsohuwar hula, hannuwansa kamar faifai. Rano kuwa da ƙyar suka shigo a na uku. Kowa ya fitar da abokin karawarsa, aka ce wasan ƙarshe Kibiya da Rano. Ni mutumin Rano ne, amma ɓangarorin biyu suka ce ni suka yarda in hura.

Filin da ba na kowa ba gonar wani manomi ce, Malam Hadi, a bakin hanya tsakanin garuruwan biyu, shimfiɗaɗɗiya mai tauri. Aro yake ba mu kowace shekara, da sharaɗi guda wanda yake maimaitawa a gaban shaidu: "Ran da ruwan shuka ya sauka, gonata ta koma gona." Kofin kuwa Alhaji Sani mai motoci ne ya sayo shi daga Kano, da ɗan farin ƙarfe a gindinsa inda za a rubuta sunan waɗanda suka ci.

Juma'ar farko aka tashi ɗaya da ɗaya. Na ce a dawo. Juma'a ta biyu tun da rana hadari ya fara haɗuwa a gabas. Alhaji ya zo da baƙi daga Kano, aka jera musu kujeru, aka ɗora kofi a kan tebur. Saura minti shida wani ɗan Kibiya ya taɓa ƙwallo da hannu a gaban gidansu, na ba Rano bugun daga kai sai mai tsaron gida. Shugaban 'yan Rano, Ɗanlami Tela, ya ajiye ƙwallo. Garba ya gyara hularsa ya ce masa, "Tela, auna sosai, kada ka yanka ba daidai ba." Ɗanlami ya buga ƙasa-ƙasa ta dama. Garba ya faɗi da tsawonsa duka ya rungume ta. Aka tashi babu ci.

Jama'a suka cika fili suka kewaye ni. Alhaji ya taso da kansa.

Ya ce, "Malam, ka ga gabas? Ba ni da wata Juma'ar, kai ma ba ka da ita. Fito da sulen nan ka jefa. Ko a Kano haka ake yi."

Gaskiya ya faɗa. Takardar dokar da muke bi ta ba alƙali zaɓi, ko a sake wasa ko a jefa sule. 'Yan Rano suka ɗauka, "A jefa! A jefa!" Su ai riba ce gare su, na uku ya samu rabi da rabi.

Garba ya ratso mutane, gwiwarsa na jini. Ya ce, "Alƙali, wane irin sule? Buɗe littafinka. Wa ya ci mu bana? Sau biyu an kasa raba mu, ai sai a ba wanda ya fi maki."

Na ciro littafin na ɗaga shi sama da zarensa. Na ce, "Garba, a gabanka na ɗaure shi ko a bayanka?"

Ya ce, "A gabana."

Na juya wajen Alhaji na ce, "Ranka ya daɗe, mutanen nan tun girbi suke taka ƙaya ba takalmi. Wannan ga jini a gwiwarsa. Ba zan ce musu ƙarfen da bai taɓa gudu ba shi zai raba su ba. Ƙafa ta fara, ƙafa za ta gama."

Ya ce, "Ni na sayi kofin nan fa."

Na ce, "Haka ne, Alhaji. In kyauta za ka yi, ga shi nan a tebur, miƙa wa wanda ka so. Amma in gasa ce, ni ne alƙali. Sai Juma'a."

Wani daga cikin 'yan garinmu ya ce, "Kai dai an yi ɗan banza, ko kishin garinku ba ka yi!" Wani ɗan Kibiya ya ce, "Kishin garinsu ne ya sa ya hana mu!" A wuri ɗaya aka zage ni da laifi biyu masu karo da juna. Hadarin ranar ya watse bai zubar ba, na koma gida ina ganin na tsira.

Ran Laraba da la'asar ruwa ya sauka, irin wanda ba a tambayar ko ya isa shuka. Alhamis da sassafe na hau keke. Na tarar Malam Hadi da 'ya'yansa sun yi nisa da sungumi, turakunmu huɗu an cire an jera su a bakin hanya, igiyar an naɗe ta da kyau an ɗora a kai. Layin tokar ko alamarsa babu.

Na ce, "Malam, kwana ɗaya nake roƙo."

Bai daina sara ba ya ce, "Alƙali, kai ba manomi ba ne? Danshin nan zai jira ƙwallonka? Kai ma wuce gonarka."

Na wuce gonata, don ni ma gero nake ci.

Na nemi a buga a filin makaranta. Kibiya suka ce ba za su zo Rano ba, Rano suka ce ba za su je Kibiya ba. Ko da sun yarda, ba uban da zai saki ɗansa ana tsakiyar shuka da noman fari. Na ce to bayan girbi. Kafin girbi 'yan Rano biyar sun bar gari: biyu soja, biyu Kano neman aiki, ɗaya ya bi fatake kudu. Suna goma sha uku ne a littafi, saura takwas. Ɗanlami ya ce a bar shi ya cike da sababbi, na ce zare bai kwance ba. Na gaya wa Garba doka ta yarda ya buga da takwas ɗin. Ya ce, "In ci mutum takwas in ce na ci Rano? A jira su dawo." Ba su dawo tare ba. Da waɗansu suka dawo, na Kibiya sun tafi.

Abin da ya biyo baya ba zan ɓoye ba. Masu shirya gasa suka karɓe usur daga hannuna rani biyu. Alhaji ya aiko direbansa da kofin a cikin buhu, da saƙo: "In ka gama wasanka ka bayar." Bai ƙara sayen wani ba. Yara suka sa mini suna Sai-Juma'a, har matan aure in za su yi wa mai talla alkawarin da ba ranar cikawa sai su ce irin na Alƙali. Daga baya da aka fara gasar makarantu, aka rasa wanda ba a iya tanƙwarawa, su ɗin dai suka zo ƙofar gidan nan da kansu. Na koma na yi shekara ashirin da wani abu ina hurawa. Sulen bai taɓa yin aikin da ya wuce nasa ba.

Garba bai yi gaba da ni ba. Ya koma sayar da hatsi, ni kuma nakan bi ta Kibiya. Duk inda muka haɗu, ko a kasuwa ko a wajen suna ko jana'iza, kafin gaisuwa sai ya ce, "Wace Juma'ar, Alƙali?" In ce, "Mai zuwa." Ya ce, "To bari in nemo hulata." Sannan mu gaisa.

Sau ɗaya na karaya. Bayan shekara goma sha biyu, Ɗanlami Tela ya rasu, na ga dai wasan nan ba mai bugawa. Na goge kofin da toka, na ɗaure a bayan keke na tafi Kibiya. Na tarar da Garba a rumfarsa yana awo. Na ajiye masa a kan buhun dawa na ce, "Ku kuka fi kowa a shekarar. Karɓi."

Ya dube shi ya daɗe. Ko taɓa shi bai yi ba. Ya ce, "Sadaka ka kawo mini?"

Na ce, "A'a, haƙƙi."

Ya ce, "Ran nan a gonar Hadi na roƙe ka, ka ɗaga mini littafi a gaban duniya. Na yi wata uku ba na son jin sunanka. Daga baya na zauna na ga da ka ba mu, da har yau 'yan Rano suna cewa a takarda muka ci. Da ka jefa sule ya faɗo musu, da na mutu da baƙin ciki. Yanzu ba wanda ya ci ni, ni ma ban ci kowa ba, ina nan cikin gasa. Kai ne za ka fitar da ni da rana tsaka? Ɗauke mini shi daga kan dawa, kana tsare mini ciniki."

Na mayar da shi bayan keke. Har na hau, ya ɗaga murya ya ce, "Wace Juma'ar?" Na ce mai zuwa.

Yanzu in aka tashi kunnen doki sai a yi bugu biyar-biyar a tashi da gwani a ranar. Ban raina wannan ba, don ko ba komai ƙafa ce da hannu. Da muna da shi a lokacin, da na yi amfani da shi, kuma ina jin na san wanda zai ci, amma alƙali ba ya faɗin wannan. Abin da nake so ku gane shi ne, hura usur kowa ya iya. Aikin yana wurin da mai kuɗi, da 'yan garinku, da hadari suka taru suna ce maka ka gama, kai kuwa ka san ba a gama ba.

Samarin da suka zo su biyar ne, da Auwalu babban ɗan Garba a gaba. Sun zo da ladabi. Auwalu ya ce, "Baba, so muke a rubuta Kibiya a jikin kofin nan, mu ajiye don tunawa da shi. Ai kowa ya san su suka fi."

Na ce, "Babanka ya aiko ka?"

Ya ce, "A'a. Bai taɓa zancen kofin ba. Hularsa dai ya ce kada a bayar."

Na ce, "To ajiye ta."

Wani a cikinsu ya ce, "Baba, don Allah, duk sun mutu fa. Wa ya rage da zai yi gardama?"

Na ce, "Ni."

Ban iya yi musu bayani a ranar ba, maganar ta ƙi fita daidai, shi ya sa na rubuta. Auwalu, na taɓa kai wa mahaifinka kofin nan har rumfarsa ya kore ni da shi. Abin da ya ƙi karɓa yana raye ba zan ɗora masa ba yana kwance.

Kofin yana kan kabad a ɗakina, littafin yana cikinsa da zarensa. Farin ƙarfen gindinsa ba a rubuta komai ba. Wasan ƙarshe tsakanin Kibiya da Rano na waccan shekarar, har yau ba a gama shi ba.